Bahaguwar Fanka

Litinin, da hantsi

Ruwa tun jiya. Na shiga rumfar baya in goge tsatsa, na tarar da fankar nan tana juyawa. Ba a jona ta da wuta ba, wayarta tana naɗe a kan ƙusa yadda mijina Tsuneo ya bar ta. Na tsaya ina kallo har ta gaji ta tsaya don kanta. Iska ce, me kuma zai zama. Bangon rumfar nan duk ramuka ne, kuma mu muka huda su da hannunmu.

Sauran fankokin suna nan shiru a kan katakonsu: na masaƙun Kiryu da aka rufe, na gidajen rini, da babbar nan ta gidan wanka da ta kusa karya wa Tsuneo baya. Tun muna da sauran baƙin gashi muke bin gine-ginen da za a rushe muna roƙon a bar mana su. Shi ke gyaran inji, ni ke neman zanen da maƙerin ya kai aka yi masa rajista, in auna fuka-fukan in gwada. Dukkansu aikinsu ɗaya, su zuƙe zafi da ƙurar zare su watsar waje.

Ban da wannan. Fuka-fukai uku na tagulla, da tambarin maƙeri Kuroiwa a gindinta, amma an murɗa su ta hagu. Maimakon ta fitar da iska, shigo da ita take yi. A wani tsohon gida a bakin kogi Tsuneo ya samo ta, a ɗakin sama, inda fanka irin wannan ba ta da abin yi.

Talata, da yamma

Na je asibiti wurin Tsuneo. Na kai masa wankakkiyar yukata, rigar barcinsa mai shuɗin zane, na ce wa Malama Tajima mai jinya ta bar ni in canza masa da kaina. Na ɗaga hannunsa, na zura, na rufe gaban rigar na ɗaure. Sai na ga ta matso, ta kwance ɗamarar, ta mayar da ɓangaren hagu sama.

Ɓangaren dama na ɗora a kan na hagu. Yadda ake yi wa gawa.

«Kowa yana yin haka, Mama,» in ji ta. «In kina fuskantar mutum, hannunki ne ke rikicewa.»

Na ce mata na sani. Shekaruna nawa ina sa wa 'yata riga tana ƙarama, ban taɓa rikicewa ba. Injin da ke gefen gadonsa yana ta yi, fuu, tsit, fuu, tsit. Ban daɗe ba na fito.

Laraba, da safe

Ruwa. Ban je ba.

Alhamis, da rana

Na wuni a ɗakin karatu na gari. Na samo zanen Kuroiwa, na zamanin kafin yaƙi, da hatiminsa da komai. A zanen fuka-fukan ta dama suke, kamar na kowa. Na yi zaton ko an kifa hoton ne lokacin da ake ɗauka, amma rubutun da ke gefe yana karantuwa daidai. Sauran fankokinsa biyu da muke da su ma ta dama suke. To mutumin da ya san aikinsa haka, me ya sa ya zauna ya buga guda ɗaya a karkace?

Tsuneo ya sani. Ranar da abin ya faru ya fita tun safe bai ce mini inda za shi ba, ya dawo da kwalbar umeboshi a hannu, 'ya'yan itacen nan masu tsami da ake jiƙawa a gishiri, ya wuce rumfa kai tsaye. Ina suyar gauta na ji muryarsa: «Sumie, zo ki ji, na gano.» Na ce bari in sauke kasko. Kafin in isa ya faɗi.

Kwalbar tana cikin firji. Ban buɗe ba.

Asabar, da la'asar

'Yata Mihoko ta zo daga Takasaki, ita kaɗai, ta bar yaran wurin ubansu. Daga ganin haka na san da magana a bakinta. Na ja ta rumfa don in riga ta, na nuna mata fankar.

«To ki juya ta mana, Mama. Gaba ya koma baya, shi ke nan ta gyaru.»

'Yar masu fanka ke nan, a gidan nan aka haife ta. Na ce ta ɗauki ƙusa mai zare ta kifa ta ta ga ko zaren zai canza. Bahaguwa bahaguwa ce ko ta ina ka tsaya.

Muka koma kicin. Ta zauna ta riƙe kofin shayi ba ta sha ba.

«Likita ya ce kin ƙi tsayawa ya yi miki magana.»

«Sauri nake yi.»

«Saurin zuwa ina? Mama, Baba ba zai farka ba. Injin ne ke numfashin, ba shi ba. Sun ce ba za su cire ba sai kin yarda, ni kuma ba zan iya yarda a madadinki ba.»

Na ce mata akwai maganar da ya fara bai ƙarasa ba. Ta dube ni kamar yadda nake duban 'yan gwangwan in sun ce tagulla ƙarfe ne. Ta miƙe ta kai hannu ga igiyar fankar kicin, wai ƙarar ta hana ta tunani. Ban san lokacin da na buge hannunta ba.

«Bar ta.»

«Tun yaushe take kunne?»

Ta kwana, da safe ta tafi, ta bar mini dafaffiyar kabewa a tukunya kamar ni ce marar lafiyar.

Litinin, da safe

Bahaguwar tana juyawa. Na rufe ƙofar rumfa da tagogi duka, na tsaya a gabanta. A hankali take yi, ta ɗan juya ta tsaya, ta ɗan juya ta tsaya. Iskar da take turo mini a fuska sanyi gare ta, da wani wari kamar na tsohon bargo da aka daɗe ba a shanya ba. Tsoro nake ji, gara in rubuta shi. Amma ban cire ta daga bangon ba.

Talata, da yamma

Ban je ba.

Laraba, da yamma

Na je, na tsaya a bakin ƙofa. An aske masa gemu, an bar wani ɗan wuri a ƙarƙashin haɓa, daidai inda shi ma kullum yake mantawa. Fuu, tsit. Na lura a nan ma ina auna tsakanin fuu da tsit da numfashina, kamar yadda na yi a rumfa.

Juma'a, da hantsi

Malam Ebihara ya zo, wai gaisuwa. Shekara da shekaru shi da Tsuneo suna rige-rigen isa wurin rusau, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa labari, sannan su haɗu da yamma su sha giya su zagi juna. Ya kawo kankana, ya zauna a bakin baranda, idonsa yana kan rumfa.

«Uwargida, wannan tarkacen zai yi miki yawa ke kaɗai. In kina neman mai rage miki nauyi...»

«Mutumin bai mutu ba tukuna, ungulu.»

Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ciro hankici ya daɗe yana goge tabarau. Na ba shi shayi. Da na nuna masa bahaguwar sai ya ce ai wurinsa Tsuneo ya je ya tambaya ko akwai sauran jinin Kuroiwa a raye.

«Na ce masa akwai wata tsohuwa a Omama, jikarsa, bayan tashar jirgi. Ba ta sayar da komai, na gwada ta. Umeboshi kawai take cusa wa mutum a hannu ta kore shi. Wanda ta ba ni gishirinsa ya kusa kai ni lahira.»

Na tashi na buɗe firji na dubi kwalbar. Da zai tafi ya tsaya yana sa takalmi, bai juyo ba, ya ce: «Ki gaya wa ɓarawon nan har yanzu ina bin sa fankar gidan wanka. Ni na fara ganinta.»

Asabar

Ruwa. Na juye umeboshin a kwano na wanke kwalbar. Ba a mayar da kwalba wayam, na cika ta da gautan da na jiƙa a gishiri.

Lahadi, da rana

Ban tafi Omama ba. Na sa takalmi na cire. In na ji daga bakin tsohuwar, me kuma zan ce ina jira?

Talata, da yamma

Na je Omama.

Iya Matsu, jikar Kuroiwa, ƙaramar tsohuwa ce, ta ranƙwafe har sai ta karkata kai kafin ta ga fuskar mutum. Ta ga kwalbar kafin ta gan ni.

«Ta dogon nan ce mai surutu. Ke ce matar? Shigo, 'yata. Shi yana ina, ya aiko ki cikin ruwan nan?»

Na ce ba ya jin daɗi. Ta ce damina ce, kowa ƙashinsa ciwo yake. Ta ɗanɗana gautana ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Ban yi wahalar tambaya ba, ita ta fara. Ta ce kakarta, matar Kuroiwa, masaƙiya ce, ƙurar zare ta cinye mata huhu. Da ciwon ya yi tsanani aka kwantar da ita a ɗakin sama mai kallon kogi. Tana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa, iskar ba ta isar ta. Kuroiwa ya sauka maƙera ya bugo fuka-fukai uku ta hagu, ya huda bangon ɗakin daidai kanta, ya kafa fankar don ta riƙa ɗebo mata iskar kogi.

«Unguwa ta ɗauka,» in ji Iya Matsu. «Kin san abin da ake yi a juye. Riga a juye, labulen katako a kife, ruwan wanka a fara zuba na sanyi. Sai an mutu ake yi. Suka ce ga Kuroiwa yana yi wa matarsa aikin gawa tana da rai. Uwar matar ta zo har gida ta zage shi tas. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce iska yake ba ta.»

Na tambaya ko ta taimaka.

«Da fari. Uwata tana yarinya a lokacin, ita ta ba ni labari. Ta ce dare da rana abin nan yana ruri a kan mutum. Kaka ta daina barci. Tun tana da murya take cewa, maigida, kashe mini abin nan in ji kogi. Ya ce in ya kashe za ta shaƙe. Da muryar ta tafi sai ta riƙa nuna igiyar da ido. Yana gani, sai ya gyara mata bargo ya sauka ƙasa.»

Ta tashi ta ƙara ruwan zafi a butar shayi, ta daɗe tana yi. Na ji kamar in fizge butar.

«Wa ya kashe fankar?» na ce.

«Shi. Wata safiya ya hau da abincinta, ya ajiye, ya ja igiyar. Uwata ta ce gidan ya yi tsit har kunnenta ya yi zafi. Kaka ta juya kai wajen taga tana saurare. Ba ta kai azahar ba. Bai sake buga ta hagu ba, wannan ɗin kuma bai yarda kowa ya taɓa ta ba.»

Na yi godiya na fara neman lemata. Ta riƙe mini hannun riga.

«Mijinki ya ba ni dariya ranar. Da na gama ba shi labarin sai ya ce, Iya, ai kakanki na aura. Wai ke ba ki iya kashe komai ba. Fitilar banɗaki, rediyo, fankar kicin, duk sai ya bi bayanki yana ja. Ya ce in ya riga ki tafiya gidanku zai yi ta ruri har maƙwabta su kai ƙara.» Ta ƙyalƙyale da dariya, ta leƙo fuskata daga ƙasa, sai dariyar ta tsaya. «'Yata, wane irin rashin jin daɗi ne?»

Na gaya mata. Ita ce ta farko da na gaya wa da bakina. Ta sake cika mini kwalbar da umeboshi, ta raka ni har bakin hanya ba lema.

Laraba, da safe

Ba wasiyya ba ce. Tsiya ce irin tasa, a gaban baƙuwa ma, don ya ba tsohuwa dariya. Ba wanda zai ce mini wasiyya ce.

Laraba, da yamma

Ina jin haushinsa. Ya tafi yawonsa bai ɗauke ni ba, ya ji labarin shi kaɗai, ya dawo yana kira na kamar ni ba ni da aiki a hannu. Da ya shigo kicin ya faɗa mini a tsaye da me zai ragu da shi?

Alhamis, da rana

Na je, na shiga, na jawo kujera. Na ba shi labarin Kuroiwa daga farko har ƙarshe, kamar shi ne bai sani ba. Na ce masa zanen rajistar daidai yake, ba a kifa hoton ba, kuma ni na fara gano wannan. Na isar da saƙon Ebihara. Na ce masa gishirin tsohuwar nan ya yi yawa.

Idonsa a rufe, ba ya nuna komai da shi. Na duba sosai, na daɗe ina dubawa. Bakinsa ya bushe a gefen robar numfashi, na shafa masa ruwa da auduga. Tagar ɗakin a rufe take, amma ana hango kogi daga nan, ya cika ya yi ja saboda ruwan sama. Tun da aka kawo shi ban taɓa lura ba, injin nake kallo.

Da na fito na tambayi Malama Tajima ko likita yana nan. Ta ce yana nan. Na tsaya.

Alhamis, da magariba

Na kira Mihoko, na ce mata na yarda a cire injin. Ta yi kuka, ni ban yi ba. Ta ce: «Mama, kin tabbata?» Na ce a'a, ta zo da yaran su gan shi tukuna.

Asabar

Yaran sun zo. Ƙaramin ya tambaya ko Kaka yana jin su. Na ce yana ji, yana dai yin kamar ba ya ji ne, halinsa ne.

Lahadi, da safe

Na shiga rumfa. Bahaguwar tana tsaye. Na jira, na hura mata iska da bakina kamar wata sakara, ta motsa kaɗan ta koma. Na goge fuka-fukan da tsumma ɗaya bayan ɗaya. A bayan na ukun akwai sawun guduma da ba su jeru ba, hannun da ya buga su rawa yake yi.

Litinin, da la'asar

Na roƙi a buɗe tagar kafin a kashe injin. Sun ce ba a saba ba, amma Malama Tajima ta buɗe. Ruwan ya ɗauke tun asuba. Da abin ya yi shiru sai ga ƙarar kogin, da wata mota tana haye gada, da wani yana kiran karensa a ƙasa.

Ya ɗan jima kafin ya cika. Na riƙe hannunsa, Mihoko ta riƙe ɗayan.

Talata, da yamma

An kawo shi gida, an kwantar da shi kansa yana arewa. Masu shirya gawa suka ce ko iyali suna so su rufe masa farar rigar da hannunsu. Na durƙusa na kama gaban rigar, na rufe, na kai hannu ga ɗamara.

«Mama,» in ji Mihoko a hankali. «Ɗaya ɓangaren.»

Na duba. Hagu na ɗora a kan dama, kamar mai shirin fita yawo bayan wanka. Na kwance na sake, hannuna ya sake komawa can. Sai Mihoko ta ɗora hannunta a kan nawa muka rufe tare.

Ebihara ya zo da baƙar kwat da ta yi masa kaɗan. Ya ƙona turare, ya sunkuya ya ce wa Tsuneo wani abu a kunne. Ban ji ba, amma na ga bakinsa, zagi ne.

Juma'a, da hantsi

Kowa ya watse. Mihoko ta kai yaran tasha, za ta dawo da rana. Rana ta fito, na shanya barguna.

Na ce wa Ebihara ya zo ya ɗauki ta gidan wanka, shi ya fara ganinta. Bahaguwar kuma zan mayar wa Iya Matsu tare da kwalbarta, in ta karɓa.

Na shiga kicin in dafa shayi. Fankar tana ta yi tun ranar suyar gauta, har ƙarar ta canza, inji ya gaji. Na tsaya a ƙarƙashinta. Igiyar ta yi baƙi a daidai wurin da yake kamawa, sama da inda ni nake kamawa. Na yi ɗage na kama a nan na ja.

Fuka-fukan suka yi ta juyawa su kaɗai, suna ragewa, har na iya ganin maiƙon da ke jikinsu. Murfin waje ya faɗa ya rufe.

Na tsaya da igiyar a hannu ina jira ya ce daga bayana, yau kam an yi abin tarihi a gidan nan. Na daɗe ina jira.